Yadda gari zai haɗa kai ya sa wa rijiyarsa sola kuma ta ɗore

Assalamu alaikum jama'a. Tun da muka sa sola a rijiyar garinmu nan Sudan waya bata huta min ba, wani ya kira daga ƙauyukan Sinja, wani daga wajen Gadarif, har da 'yan uwanmu mazauna Makka da Jidda masu son su yiwa garinsu wani abu, kuma kusan kowa tambayarsa ɗaya, allon sola nawa zamu saya kuma nawa ne kuɗin. Ni ne nake riƙe da littafin lajnar ruwa, wato kwamitin ruwa, a garinmu, to naga gara in zauna in rubuta abin da muka bi daki daki, da wuraren da muka yi tuntuɓe, don wanda zai fara kar ya faɗa ramin da muka faɗa. Amma tun yanzu ina gaya muku maganar allo nawa itace mafi sauƙi a cikin aikin nan, duk wani fanni, wato mai aikin haɗa sola, mai hankali zai lissafa muku ita cikin rabin awa. Abin da ke kashe solar gari yana wajen kuɗin gyara da amanar masu riƙe shi, kuma can zan fi daɗewa.

Kowa ya san halin da muke ciki. Kogin Nilu a gabanmu yake wucewa, madatsar Sinnar tun 1925 take, ta Rusairis tun 1966, ga ta Marawi da aka buɗe a 2009, amma ƙauyuka nawa ne a bakin kogin nan da ko turken waya bai taɓa isa ba. Waɗanda wayar ta isa ma tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 sun ga yadda ake shafe kwanaki babu wuta. Jaz kuwa tun da aka cire masa tallafi a watan Yunin 2021 bai sake yin arha ba, yau akwai gobe babu, in akwai ma kuɗinsa ya isa ya cinye duk abin da aka tara a bakin rijiya. 'Yan uwa na Najeriya da Nijar masu karanta wannan, mu nan in an ce babur ba mashin ɗin hawa ake nufi ba, injin jan ruwa ne mai shan jaz, wato abin da kuke cewa gas ko baƙin mai. Ranar da babur ya tsaya yaran gari ne ke kan jakuna tun asuba suna neman ruwa, makaranta kuma sai wani jiƙon.

Abu na farko, a tara gari a zaɓi abu ɗaya. Wallahi in kuka ce kowa ya faɗi abin da yake so za ku kwana a wurin, samari na son wajen cajin waya da kallon ƙwallo, liman na son fanka da lasifika a masallaci, ungozoma na son haske a ɗakin haihuwa, mata na son ruwa da injin niƙa, kuma kowa da gaskiyarsa. Amma taura biyu bata taunuwa. Shawarata ku fara da ruwa, dalili biyu. Na ɗaya ruwa baya buƙatar batir, kuma batir shine abu mafi tsada da saurin mutuwa a harkar sola, famfo zai yi aiki da rana ya cika tanki, da dare a sha daga tanki, tankin nan shine batirinku kuma shi zafi baya kashe shi. Na biyu ruwa yana kawo kuɗi kullum, daga kuɗinsa ne za a yi sauran abubuwan daga baya. Kuma dan Allah kar a yi zaman a zauren maza kawai a ce an gama, ku sa iyayenmu mata su yi nasu zaman, su ne suka san jarka nawa gida ke sha a rana da lokacin da layi ke tsawo, mu maza in aka tambaye mu ƙiyasi kawai zamu yi.

A wannan zaman ne za a naɗa lajna. Mutum biyar ko bakwai sun isa, in sun yi yawa magana ce zata yi yawa. Mai riƙe kuɗi daban, mai riƙe littafi daban, kuma kar su fito gida ɗaya, ba don ana zargin kowa ba, don a rufa musu asiri ne daga bakin mutane. A sa mata aƙalla biyu, a sa mutum ɗaya daga masu dabbobi tunda rigimar bakin rijiya yawanci daga wajen shayarwa take tashi. Umda, wato mai gari, ko shehun gari da liman su zama iyaye masu sa albarka da raba gardama, amma kar a ɗora musu riƙon kuɗi, domin ranar da lissafi ya rikice babu yaron da zai iya tsayawa gaban Baba ya ce ina kuɗinmu, sai a yi shiru abin ya ruɓe a ciki. Sai maganar fili. Wurin da allunan za su zauna a rubuta a takarda cewa mai shi ya bayar, da shaidu da sa hannun 'ya'yansa, yau dattijo ya bayar da zuciya ɗaya gobe ya rasu magada su ce filin ubansu ne.

Yanzu lissafi. Kar ku sayi ko ƙusa kafin ku san abu uku, ruwa nawa kuke buƙata, ruwa nawa rijiyar ke iya bayarwa, da kuma nisan da za a ɗago shi. Na farkon ku da kanku za ku yi. Mutum ɗaya a ƙaddara masa lita 20 a rana, jarka ɗaya kenan, saniya a lokacin zafi tana shan lita 30 zuwa 40, jaki wajen 20, akuya ko tunkiya wajen 5. Bari in yi misali, a ce gari mai gida 300 kowane gida mutum 7, mutum 2,100 kenan, lita 42,000. A ce akwai shanu 200 da awaki da tumaki 1,000 da jakuna 100, wannan ya kai wajen lita 14,000, an tashi 56,000, sai a cike a ce 60,000 saboda baƙi da makiyaya masu wucewa, barmil 300 kenan, wato ganga mai cin lita 200. Rana a ƙasar nan in aka dunƙule ƙarfinta tana bada kamar awa 6 na cikakken aiki, to kuna neman famfon da zai fitar da lita 10,000 a awa.

Na biyun kuma sai an kira mai gwajin rijiya, ya ja ruwa awanni a jere yana auna yadda ruwan ke sauka da yadda yake dawowa. Mutane na ƙyashin biyan kuɗin gwajin nan, suna cewa ai rijiyarmu bata taɓa ƙafewa ba, eh bata ƙafe ba saboda babur awa biyu ko uku yake yi ya tsaya don tsadar jaz, sola kuwa daga hantsi har la'asar zata yi ta ja babu hutu. In rijiya lita 6,000 take bayarwa a awa kuka zura mata famfon 10,000 zai zuƙe ta ya koma jan iska da yashi ya ƙone. Mutanen wajen Gadarif su sun fi kowa sanin cewa ba ko'ina ƙasa ke da ruwa ba, wasu garuruwan hafir, wato tafkin da ake haƙa don tara ruwan sama, shine rayuwarsu, su kuma famfon saman ƙasa za su sa ya ɗebo daga hafir ya kai wajen tacewa da tanki, lissafin dai iri ɗaya ne sai dai ɗagawar bata da nisa.

Na ukun, nisa, ba zurfin rijiyar gaba ɗaya ake nufi ba, daga inda ruwa ke tsayawa lokacin da ake ja har zuwa bakin tanki a sama, sannan a ƙara kaɗan saboda gogayyar ruwa a cikin bututu. A misalinmu a ce duka ya tashi mita 60. Famfon cikin rijiya, wanda muke cewa gaɗɗas, da zai ɗago lita 10,000 a awa zuwa mita 60 zai kai kilowat 3, doki 4 kenan a bakin 'yan kasuwa, tunda doki ɗaya wajen wat 750 ne. Alluna kuma ba daidai da famfo ake sa su ba, sai sun fi shi da kamar kashi 30 zuwa 50 cikin 100, saboda wat ɗin da aka rubuta a bayan allo a yanayin digiri 25 aka auna shi, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu gilashin yana haura digiri 60, sai ya zubar da fiye da kashi 10 na ƙarfinsa, ga ƙura ga asarar waya. To ana neman wat 4,000 zuwa 4,500, allo 8 masu wat 550.

Amma ga wani wuri da ake yawan kuskure. Inbatar famfo, wato na'urar da ke juya wutar alluna ta zama wadda famfo ke aiki da ita, ba wat kaɗai take nema ba, tana neman bolt. Allo ɗaya mai 550 yana bada bolt 41 zuwa 42 a lokacin aiki, in aka haɗa su jerin gwano bolt ɗin ke taruwa, guda 8 za su bada wajen 330, wannan ya dace da famfo mai bolt 220. In famfonku mai layi uku ne na 380, inbatarsa tana son sama da bolt 500, wato allo 13 ko 14 a jere, ko da lissafin wat ya ce 8 sun isa. Don haka famfo da inbata da alluna tare ake zaɓarsu a takarda ɗaya, kar wani ɗan uwa ya turo famfo daga Jidda don alheri, wani ya sayo alluna a Bur Sudan, a zo haɗawa a tarar basu san juna ba.

Tanki ya ɗauki aƙalla ruwan yini guda, in da hali yini ɗaya da rabi saboda ranakun hadari.

Tara kuɗi kuma ba sabon abu bane a wajenmu, nafir ɗin da ake yi a gona ai gayyar kakanninmu ce, sanduƙ ɗin mata kuma adashe ne, hannu ɗaya baya ɗaukar jinka. A yanka wa kowane gida kasonsa, a kuma jira kaka bayan an yanke riɗi an girbe dawa, lokacin hannun mutane da ɗan nauyi, wanda bashi da kuɗi ya kawo kwanon dawa ko ɗan akuya a yi masa kima a rubuta. Zawarawa da gidajen marayu da 'yan uwan da yaƙi ya koro suka sauka a wajenmu kar a matsa musu, amma kar kuma a ce musu ku ba ruwanku, wanda zai iya ya zo haƙan rami ko ɗaukar yashi, inna ta dafa wa ma'aikata shayi, a rubuta sunanta a littafi kamar kowa, duk wanda ya zuba guminsa a abu ba zai ga yaro na jifansa da dutse ya wuce ba. 'Yan uwa na Saudiyya su ne ke ɗaukar kaso mai nauyi a yawancin garuruwa, wasu da niyyar sadaka mai gudana ga iyayensu da suka rasu, to haƙƙinsu ne su ga inda kowane riyal ya shiga. Duk abin da ya shigo ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, ko a hannu a rubuta suna da rana, duk rasit a ɗauki hotonsa a tura musu ta WhatsApp, sannan ran Juma'a bayan sallah a karanta wa gari, mata kuma a kai musu nasu bayanin har gida.

Kar ku ajiye jine, kuɗinmu na Sudan, yana barci. A 2021 hauhawar farashi ta haura kashi 300 cikin 100, bayan yaƙi kuma kowa ya ga yadda kuɗin ke narkewa a hannu, abin da ya isa allo goma yau bayan wata biyu bazai sayi goman ba. Da zarar takardar fanni ta fito, abin da aka tara a maida shi kaya, in bai isa ba a sayi alluna duka a lokaci ɗaya iri ɗaya a ajiye a ɗakin da ke kulle, sauran su biyo baya.

Wajen saye a tafi mutum uku, ɗaya daga ciki wanda ya iya riƙe mitar gwaji. Sunaye irin su Jinko da Longi da JA Solar da Trina sanannu ne, a famfo kuma ana jin Grundfos da Lorentz, sai dai takardar da ke manne a bayan allo kowa na iya bugawa. Mu an taɓa kawo mana wasu da rubutun wat mai yawa, da muka fitar da su rana tsaka muka gwada sai muka ga abin da suke bayarwa bai kai ba, Allah ya taimake mu bamu gama biya ba muka mayar. Ku fitar da kowane allo rana, a auna bolt a auna amfiya a gwada da abin da aka rubuta, a duba gilashi ko da tsaga ko wani tabo kamar ƙuna, a duba lambar da ke cikin gilashin ta yi daidai da ta baya. Kar a gauraya manya da ƙanana a jeri ɗaya, ƙaramin zai ja manyan ƙasa. Waya kuma a sayi ta sola ta ainihi mai kauri wadda rana bata cinye bayanta, araha bata ado, wayar gida a rana shekara ɗaya zata fara farfashewa. Mai haɗawa a biya shi kashi uku, na farko in ya fara, na biyu in ruwa ya fito, na ƙarshe bayan an yi sati biyu ana ganin tanki na cika kamar yadda ya yi alkawari, kuma a rubuta wannan tun farko.

Ranar kafawa, alluna kudu suke kallo, sa'id kamar yadda maƙwabtanmu Larabawa ke cewa. Na faɗi haka ne don na ji wani dattijo na cewa a fuskantar da su alƙibla don albarka, niyyarsa kyakkyawa ce amma alƙiblarmu nan arewa maso gabas take, in aka yi haka an yi asarar ranar yamma. A karkata su kamar digiri 15, ya yi daidai da inda muke tsakanin Sinnar da Gadarif kuma ruwan sama zai riƙa wanke su ya gangara. Inuwa abokiyar gaba ce, reshen dogon yaro ɗaya ya rufe gefen allo ɗaya duk jerin zai yi rauni, kuma inuwar da za ku lura da ita ta watan Disamba ce lokacin da rana ke kwantawa kudu inuwa ta yi tsawo, wurin da kuka gani fes a bazara yana iya shiga inuwar tanki da sanyi. A ɗaga su daga ƙasa iska ta riƙa bi ta ƙarƙashi tana sanyaya su. Ƙasarmu kuma baƙar laka ce mai tsagewa da rani ta kumbura da damina, in ramin ƙafafun ƙarfen bai yi zurfi ba aka zuba kankare sosai, damina biyu za ku ga teburin ya karkace, ga habub, guguwar ƙurar nan, in ta taso allon da ba a ɗaure da kyau ba tashi yake kamar faifai.

Abubuwa ƙanana da mai haɗawa zai iya tsallakewa in ba ku tsaya a kansa ba, sandar ƙarfe da ake binnewa a ƙasa da na'urar kare tsawa, bireka mai yanke wuta tsakanin alluna da inbata, na'urar da ke tsayar da famfo in ruwan rijiya ya yi ƙasa, da ƙwallon da ke kashe shi in tanki ya cika. Inbata a sa ta a inuwa cikin ɗaki ko akwati mai shan iska, ba a rufe ta ruf ba. A kewaye wurin da waya saboda awaki da yara, a yi wa kusoshin walda saboda masu ɗauke-ɗauken dare, a yi wa gafir, wato mai gadi, rumfarsa a nan kusa. Kuma ku zaɓi samari biyu, in da budurwa mai karatu ma a sa ta, su manne wa fanni daga farko har ƙarshe, ya nuna musu yadda ake kashewa da kunnawa da ma'anar lambobin da inbata ke nunawa in ta tsaya, a rubuta a kwali a liƙa a bango. Ya kuma gargaɗe su, jerin allunan nan da rana yana ɗauke da ɗaruruwan bolt, yana kisa, ba a taɓa wayarsa sai an kashe bireka, ko an kashe ma ɓangaren alluna da wuta matuƙar akwai rana.

To yanzu ga maganar da na ce zan daɗe a kai. Ranar da ruwa ya fito ana guɗa ana kabbara, a ranar ne wani zai miƙe ya ce tunda yanzu babu sayen jaz ruwa ya zama kyauta, rana ai ta Allah ce. Mu haka muka yi, kuma da kyakkyawar zuciya muka yi, mutane sun sha wahala muna son su huta. Muka daina karɓar komai. Ana nan wata damina tsawa ta faɗo inbata ta ƙone, muka buɗe sanduƙ, wato asusun lajna, babu ko sisi, masu turo kuɗi daga waje sun riga sun yi iya ƙoƙarinsu kunya ta hana mu sake kiransu, gari ya koma kan jakuna da ruwan kogi makonni, ga alluna lafiyarsu ƙalau suna shan rana a banza. Har yau in na tuna yaran da suka yi ta gudawa a waɗannan makonnin raina baya min daɗi. Alluna suna kai shekara 25 suna aiki, amma inbata da famfo ba za su kai haka ba, ko ba tsawa wata rana sai an canza su, bututu na fashewa, kan famfo na lalacewa, gafir kuma yana da iyali.

Don haka tun kafin a sayi komai, tun a zaman farko, a yanke kuɗin ruwa a gaban kowa, tun ran gini ran zane. A sauke shi ƙasa da na zamanin babur yadda kowa zai ji sauƙi a jikinsa, amma kar ya zama babu. Jarka da kuɗinta, barmil na masu karo, wato amalanken jaki, da nasa tunda su sayarwa za su yi, dabbobi a yi musu na wata ko na kai, gidajen da basu da hali lajna ta rubuta su a asirce su ɗiba ba tare da an kunyata su a layi ba. Abin da ya shigo mu kashi uku muke yi, ɗaya na gafir da mai kula da famfo, ɗaya na ƙananan gyare-gyare da sinadarin kulorin, ɗaya kuma na babban gyara wanda ba a taɓa shi ko da biki ko rasuwa, kuma ba a ba kowa rance daga ciki, ko ɗan lajna ne, musamman ma ɗan lajna. Ranar da aka ba mutum ɗaya rance an buɗe ƙofar da ba mai iya rufewa. Shi ma wannan kason kar a bar shi a jine, da ya taru a sayi inbata ta biyu a ajiye, bayanta a fara tarin famfo, in ya rage a sayi buhunan dawa da kaka ko 'yan tumaki a ba wani amintacce kiwo da shaidu. Littafi kuma a buɗe yake, duk wanda ya ce yana son gani a nuna masa ba tare da an ɓata rai ba, kuma duk shekara a sake zaɓen lajna ko da waɗanda ke kai ne za a mayar.

Kula ta yau da kullum ba wuya. Wanke alluna sau ɗaya ko biyu a sati da rani, bayan habub kuwa washegari da safe, da ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi, ba omo ba soso mai kaushi, kuma da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi yana iya tsaga shi. Kashin tsuntsu a cire shi da wuri. Mai kula ya riƙa rubuta ƙarfe nawa tanki ya cika kullum, in kun ga da yana cika da azahar yanzu sai la'asar alhali babu hadari, wani abu na faruwa, a kira fanni tun kafin ya tsaya. Tsohon babur kar a sayar, a gyara shi a ajiye da ɗan jaz saboda kwanakin Agusta da hadari ke rufe sama. Wurin shayar da dabbobi a nisanta shi da na mutane, a yi magudana kar ruwa ya kwanta sauro ya samu gida, masai ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya, tanki kuma a rufe a riƙa sa kulorin yadda ma'aikatan lafiya suka nuna, kwalarar da ta ɓarke a 2024 ta isa ta koya mana.

In ruwa ya zauna da gindinsa shekara guda sanduƙ na da nauyi, sai a waiwayi sauran. Ɗakin shan magani shi ya fi cancanta, fitilu da fanka da wajen caji, kuma akwai firjin rigakafi mai aiki da sola kai tsaye babu batir, da rana yake daskarar da ruwa a jikinsa ya riƙe sanyin digiri 2 zuwa 8 har dare, irin wannan ta hannun hukumar lafiya ake nemansa. Injin niƙa da rana yake aiki don haka shi ma yana iya tafiya babu batir, sai dai yana son inbata mai ƙarfi saboda fizgar da yake yi wajen tashi. Masu lambun ayaba da mangwaro da albasa a bakin kogi su haɗu mutum huɗu ko biyar su sa famfo ɗaya su raba kwanaki, amma su tuna daga Yuli zuwa Satumba kogin nan laka yake ɗaukowa daga Habasha, a sa rariya a bakin bututu kuma kar a kwantar da shi a ƙasan ruwa.

Inda dole sai da batir, kamar masallaci da makarantar allo da wajen caji na dare, ku san irin wanda kuke saye. Mai ruwa, wato na dalma, ba a shanye shi ƙasa da rabi, kuma zafi ke cin ransa, ƙarin kamar digiri 10 a kan 25 yana raba kwanansa biyu, don haka ɗakin ƙasa mai sanyi ya fi masa kwanon rufi, ruwan da za a ƙara masa kuma ruwan batir ne tatacce, ba na kogi ba ba na tulu ba. Na lithiyam ya fi tsada a farko amma yana jure dubban caji, in gari zai iya gara shi. Kar a bar kowa ya jona abin da ya ga dama, hita ɗaya ko dutsen guga ya isa ya shanye na dare gaba ɗaya. Wanda ya mutu kuma kar a jefar a bayan gida yara su fasa suna wasa da dalmar ciki ko su narka ta don nauyin kamun kifi, guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwar yaro, a tara su a ɗakin lajna a kulle, in mai sayen tsofaffi ya zo a sayar masa kuɗin ya shiga sanduƙ a rubuta a littafi.